Madarar Gwangwani A Ƙasar Shanu

Daga Wakilinmu a Ƙaura Namoda

Ranar wata Talata da magariba na sauka a gidan wani abokina, malamin makarantar sakandare a Ƙaura Namoda. Asalinsa mutumin Banga ne, amma ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin gari saboda dalilin da duk mai karanta wannan jarida ya sani. Maiɗakinsa ita ma ma'aikaciya ce, ba ta shigo gida ba sai la'asar sakaliya, ga yara, ga kuma baƙo. Na ɗauka ko dai a sayo mana tsire da burodi, ko kuwa mu kai ƙarfe goma muna jiran tuwo. Ashe ba haka ba ne. Kafin a kira sallar isha'i sai ga kwano an ajiye a gabanmu: taliya ce an juye ta cikin wata farar miya mai kauri, an jera yankan nama a bisa, bayansa ya soyu ya yi ja, cikinsa kuwa da laushi. Na ci na ƙoshi, ban kuwa ji kunyar neman ƙari ba.

Da na tambayi inda aka samo wannan girki, sai aka ce ƙanwar uwargida ce, ɗaliba a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin, ta gano shi a waya. Wai abincin dare ne na ma'aikatan Amurka a ranakun aiki, sa'ad da aka taso a gajiye ba a son daɗewa a gaban murhu. Da na sake tambayar abin da aka yi farar miyar da shi, sai aka nuna mini gwangwani biyu na madara an huda an zazzage. Abokina ya dube ni ya ce, "Malam, kada ka yi mamaki. Yaushe rabonka da ganin 'yar Fulani da ƙwarya a ƙofar gida?"

Wannan tambaya ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da wanke taliya, domin na san akwai dattawan da da zarar sun ji sunanta sai su ce ai lalacewar zamani ke nan, matan yau sun guje wa muciya. Ni ban yarda da wannan magana ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ƙirga aikin da ke cikin malmalar tuwo ɗaya, tun daga surfe da wanki da shanya, zuwa kai niƙa da tankaɗe, sa'an nan talge da tuƙi, kafin ma a zo maganar miya, ya san ba aikin macen da ta wuni a ofis ko a asibiti ba ne kullum ta Allah. Ɗalibin da ke da risho ɗaya da tukunya ɗaya a ɗakin haya kuwa, ba a ma maganarsa. Taliya minti goma take so a wuta. Tun daga shekarar 2023 da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki Naira, kalanzir da gas da gawayi duk suka yi tashin gwauron zabo, minti goma a kan wuta ya zama lissafin kuɗi. A ƙauyukan Zurmi da Shinkafi kuwa ya zama lissafin rai, tun da shiga daji neman itace ya koma kasada.

Har wa yau, taliya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa kamar yadda ake zato. Alkama, wadda sunanta ma daga Larabci ya zo mana, ta daɗe ana noma ta a fadamu da rani, kuma da ita iyayenmu suke yin gurasa da alkaki da finkaso. Kowa a cikinmu ya tashi ya ga mata suna murza taliya a ɗan injin hannu, su shanya ta a igiya, a dafa a ci da manja da yaji, wani lokaci da wake. Abin da ya sauya shi ne ta kamfani ta shigo a leda, ta zama abincin kowace rana maimakon na marmari.

To, in taliya ba ta da laifi, ina matsalar take? Tana cikin gwangwanin nan biyu.

Abubuwa uku ne jigon wannan girki: alkama da madara da naman shanu. Game da alkama ba ni da dogon bayani, don an riga an gwada an gani. A cikin shekarun 1970 aka ɗauko kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talata Mafara, aka gama a 1978, da burin a noma alkama da shinkafa a dubban kadada. Manoman da ruwa ya ci gonakinsu suka tashi neman diyya, aka murƙushe su da bindiga a watan Afrilu na 1980. A watan Janairu na 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama ƙasar nan gaba ɗaya, aka ce jihohin Arewa su cike gurbi. Ba su cike ba, a 1992 aka janye dokar. Alkama hunturu take so mai sanyi da tsawo, namu kuwa gajere ne. Kusan duk alkamar da kamfanonin fulawa ke niƙawa daga ƙetare ake kawo ta, kuma ban ga alamar wannan zai sauya da wuri ba. Wannan kam Allah bai ba mu da yawa ba, ba abin kunya ba ne mu saya.

Amma madara fa? Nama fa? Wannan yanki da ake kira arewacin Zamfara ai ƙasar shanu ce tun kaka da kakanni. Jirgin ƙasa da ya iso Ƙaura Namoda a 1929, ba gyaɗa da auduga kaɗai ya riƙa ɗauka ba, har da shanu da fatu. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta yi suna har Nijar da kudancin ƙasar nan saboda dabbobi. Farin sa na Bunaji da Bokolo mai tozo da jan sa na Rahaji, duk a nan ake ganinsu. Wanda ya girma a Banga ko Kurya ko Moriki ya san hantsi bai cika ba sai matan ruga sun shigo gari a jere, da madara da kindirmo da tsala da curin man shanu yana yawo a saman nono. Ba a lissafa waɗannan cikin kayan alatu a wancan lokaci. Talaka ma yana zuba man shanu a tuwonsa.

Yau kuwa ɗan wannan ƙasa shi ne yake huda gwangwani don ya sami farar miya. Kowa ya san yadda aka yi aka zo nan. Satar shanu da ta yi ƙamari a Zamfara tun wajen shekarar 2011 ta fara cinye garken Bafulatani mai gaskiya kafin ta iso kan manomi. Wanda aka kore wa shanu ya talauce. Wanda ya tsira da nasa ya tsallaka Nijar ko ya gangara kudu. Wasu 'ya'yansu kuma suka ɗauki bindiga suka shiga daji. Matar ruga da ta rage tana tsoron shigowa kasuwa don kada a ɗora mata laifin waɗanda ba ta ma san su ba, mutumin gari kuma yana tsoron leƙa ruga. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a jihar, duk don a toshe wa ɓarayin daji hanya. An buɗe daga baya, amma cinikin da ya watse ba ya dawowa da sanarwa. A shekarar 2025 kuwa sunan Banga ya fita har a gidajen rediyon duniya, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe mutane fiye da 50 daga garin, suka karɓi kuɗin fansa, sa'an nan suka kashe fiye da 30 daga cikinsu. Allah ya jiƙansu.

Wani zai ce, ana wannan bala'i kai kuma kana zancen taliya? Amsata ita ce, rashin tsaro ba a maƙabarta kaɗai ake ganinsa ba. Ana ganinsa a kwanon yaron da ya shekara bai sha madarar saniya ba. Mu ma'aikata da ɗalibai da muke zaune cikin gari muna ganin kamar mun tsira, alhali kuwa kowane wata albashinmu yana biyan kuɗin wannan fitina a wurin mai kanti da mahauci.

Ya kamata kuma mai karatu ya san abin da yake saye. Ba duk madarar kanti ce madara cikakkiya ba. Da yawa daga cikin garin madara mai arha, a Turai ake cire mansa a yi bota da shi a sayar da tsada, sa'an nan a busar da tsalar da ta rage, a zuba mata man itatuwa, galibi na kwakwar manja da aka tace, a ɗuro a buhu a aiko mana. Wanda ya iya karatu ya duba jikin leda ko gwangwani, zai ga an rubuta. Watau man shanun da ya kamata ya ba miyar nan daɗi an riga an cire shi tun a can. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, yanzu a garuruwanmu ana samun masu fura da ke kwaɓa irin wannan gari su kwantar da shi ya yi tsami, su zuba a ƙwarya a sha da sunan kindirmo. A watan Yuli na 2019 Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya ce ƙasar nan tana kashe tsakanin Dala biliyan 1.2 zuwa biliyan 1.5 kowace shekara wajen shigo da madara. Bankin ya taƙaita ba da kuɗin waje don wannan ciniki ga kamfanoni shida a watan Fabrairu na 2020, ya kuma janye takunkumin a watan Maris na 2024. An ɗaura, an kwance, amma saniyar Zurmi ba ta san an yi ba.

Ga kuma wani abin ban sha'awa da ɗalibar nan ba ta gani a waya ba. Ita wannan farar taliya da Amurkawa suka yayata, asalinta daga birnin Rum ne, inda wani mai gidan abinci, Alfredo di Lelio, ya yi suna da ita a farkon ƙarni na 20. Shi kuwa bai zuba mata madara ba ko kaɗan. Man shanu ne da cuku, a juya su da taliya mai zafi da ɗan ruwan dahuwarta har su haɗu su yi kauri. Da girkin ya tsallaka Amurka ne aka ƙara masa madara mai kauri, aka kuma ɗora nama a kai, don su mutanen Italiya a al'adarsu taliya daban ake ci, nama daban ya biyo baya. Ashe ke nan ainihin girkin ya fi kusa da abin da ke cikin ƙwaryar 'yar Fulani fiye da abin da ke cikin gwangwani. Cuku ma ba baƙonmu ba ne. Buzaye suna kawo busasshen cukunsu daga Nijar, kuma ko da yake ba ya narkewa kamar na Italiya, in an daka shi an barbaɗa yana ba da ɗanɗano.

Tun da na ce a bar gwangwani, wajibi ne in faɗi yadda za a yi, don kada a ce ɗan jarida ya iya suka bai iya gyara ba.

A fara da nama, domin shi ne wurin da aka fi kuskure. Shanunmu masu tafiya ne, ciyawa suke ci, namansu ya fi na shanun Turai tauri, saboda haka in aka yanko gunduma mai kauri irin wadda ake gani a waya aka jefa a kasko, sai haƙori ya gaji. A roƙi mahauci ya ba da tsokar nan mai laushi da ke kwance a cikin gadon baya, a yanka ta fale-fale a gicciye da zaren naman, kamar yadda mai tsire yake yi. A tsane ruwan jikinsa sarai, don jiƙaƙƙen nama dahuwa yake yi a kasko, ba ya soyuwa. A sa gishiri da masoro da ɗan citta. A bar kasko ya yi zafi ƙwarai kafin a zuba mai kaɗan, a shimfiɗa yankan ɗaya bayan ɗaya ba tare da cunkoso ba, a kuma ƙyale su. Yawan juyawa shi ke hana jan nan fitowa. In gefe ɗaya ya yi, a birkita sau ɗaya, a kwashe, a rufe na minti biyar kafin a taɓa, don romon ya zauna a ciki. Abin da Turawa suke yi na barin tsakiyar nama da jini-jini kuwa, ban ba kowa shawara ba. Ban da cewa ranmu ba ya so, ba kowace dabba ce likitan dabbobi ke dubawa kafin yanka ba, kuma ta ɗanyen naman shanu ake ɗaukar tsutsar ciki. Yanka fale-fale shi ke sa ya nuna har ciki kafin ya bushe.

Kada a wanke kaskon. Abin da ya kama a gindinsa shi ne rabin daɗin miyar. A rage wuta, a sa cokali biyu na man shanu da albasa da tafarnuwa da ɗan attaruhu, a zuba ludayi ɗaya na ruwan da aka dafa taliya da shi, a kankare. Wannan ruwa kada a zubar da shi duka wurin tsanewa, don sitacin da ke cikinsa shi ke kama miya ya ba ta kauri. In madarar shanu aka samu, lalle ne a tafasa ta tukuna, saboda tarin fuka na shanu da ciwon nan da ke sa su ɓari duk suna bin ɗanyar madara su kama mutum. In kindirmo ne kuwa, a sani yana da tsami, in ya ji wuta mai ƙarfi sai ya tsinke ya zama gudaji da ruwa. Dabarar ita ce a dama shi da ƙaramin cokali na fulawa da ɗan ruwan taliya mai ɗumi, a sauke kasko daga wuta, a zuba a hankali ana juyawa, sa'an nan a mayar a kan wuta kaɗan-kaɗan. A juye taliyar a ciki tun tana da ɗan ƙarfi, a jera nama. Rabin kilo na nama ya ishi leda ɗaya ta taliya, ya kuma ciyar da gida mai mutum shida, abin da ba zai yiwu ba in gunduma-gunduma za a raba. Duka aikin bai wuce rabin sa'a ba.

Sai dai duk wannan bayani banza ne in babu madarar. A nan ne maganar ta koma kan hukuma. Saniyarmu a hannun makiyayi ba ta wuce ba da lita ɗaya zuwa biyu a rana, kuma da damina in nono ya yi yawa sai ya lalace don babu wurin sanyaya shi, da rani kuma a rasa. Ƙasar Indiya ta taɓa zama cikin irin wannan hali, tana dogara da garin madarar agaji. Manoman garin Anand suka kafa ƙungiyar gama-kai a 1946, daga 1970 kuma aka yaɗa tsarin a duk ƙasar a ƙarƙashin jagorancin Verghese Kurien. Ba manyan gonaki aka gina ba. Rumfa aka kafa a kowane ƙauye, mace mai saniya ɗaya ko biyu ta kawo abin da ta tatsa safe da yamma, a auna, a gwada yawan mansa, a biya ta, mota ta kwasa zuwa wurin sanyayawa. Zuwa 1998 Indiya ta wuce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara.

A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi. Madalla. Amma mu a nan ba da yawan taron da aka yi a Abuja za mu auna ta ba. Abin da muke so mu gani shi ne rumfar karɓar madara mai firji na hasken rana a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, da jami'an tsaro a hanyoyin kasuwa ran kasuwa, waɗanda za su tsare mai ƙwarya kamar yadda za su tsare mai buhun gero. Makarantun kwana da asibitoci na jiha su zama masu saye na farko, don makiyayi ya san kowace safiya akwai mai karɓa. Na san za a ce sai an sami zaman lafiya tukuna. Ni kuwa ina ganin makiyayin da yake karɓar kuɗin madara kowace rana a cikin gari yana da abin da zai yi asara in gari ya ƙone, kuma ɗansa yana da abin yi ban da bin masu babura. Wannan ba zai maye gurbin soja da kotu ba, amma soja da kotu ma ba za su maye gurbinsa ba.

Mu kuma masu albashi da 'yan makaranta, namu bai fi ƙarfinmu ba. In an ga mai kindirmo na gaskiya a saya, ko da ya ɗara na leda tsada, a kuma daina yi mata cinikin wulaƙanci alhali ba a taɓa neman ragi a wurin mai kanti ba.

Da safe kafin in kama hanyar Gusau na yi wa uwargidan abokina wannan bayani duka, har da na Alfredo. Ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce, "Malam, na ji, kuma zan gwada. Amma ran da za ka dawo, kai za ka zo mana da kindirmon, don ni kwana uku ina aiken yaro kasuwa, na gari yake kawo mini."